Hannun Gem Ana Sayen Sabo, Naka Fa?

Duk wanda ya taɓa zama a gidan gem ya san yadda muke lallaɓa hannun PS. Da analog ya fara ja gefe guda za ka ji an ce, "Oga, canza mana wannan hannun, ya mutu." Idan R2 ya saki, kafin magariba an kai shi wajen mai gyara. Wanda yake da nasa na kansa kuwa, a cikin safa yake naɗe shi ya cusa ƙasan akwati, ko abokin ɗakinsa bai isa ya taɓa ba sai da izini. Amma hannun da ke riƙe da wancan hannun, wanda Allah Ya ba mu guda biyu tak kuma babu kasuwar da ake sayar da shi, sai ya yi wata uku yana zugi ko kallonsa ba mu yi ba. In ya matsa mana, a shafa man zafi, a haɗiyi ƙwaya biyu, a koma fili.

Na san haka domin ni ma na yi, kuma na ji a jikina.

A semestar ƙarshe ta ND II aka sanar da gasar ƙwallon PS ta makon ɗalibai. Sati uku kafin ranar na tsananta atisaye. Daga lakca sai gidan gem, ba na tashi sai an kashe janareta. In na koma hostal kuma abokai suna jirana a Call of Duty na waya, mu yi ta fafatawa da datar dare har kiran assalatu. Ni mai son yanka ne, kuma duk wanda ke buga FC ya san yankan yana kan analog na dama. To, a gindin babban yatsana na dama, daidai inda ya haɗu da wuyan hannu, abin ya fara. Da farko sai ina matse wanki nake jinsa. Daga baya ɗaga buta in yi alwala ma sai na cije. Na gaya wa abokin ɗakina, ya yi dariya ya ce, "Kai dai ka ji tsoron gasa kawai." Ni ma na yi dariya, muka bar maganar.

Ranar gasa mu 64 ne, kifa-ɗaya-ƙwala, kuma an ce dole a gama a ranar saboda kuɗin haya da na mai. Na biya ta kyamis na sayi diclofenac, na haɗiye biyu ko karyawa ban yi ba. Maganin ya yi aikinsa, zafin ya lafa, na buga wasa biyar tun daga hantsi har bayan isha'i, aka fitar da ni a wasan kusa da na ƙarshe. Washegari na tashi da kumburi, ko maɓallin riga na kasa sakawa. Kwana tara bayan nan na shiga jarrabawar zane. Ni ɗalibin fasahar zanen gine-gine ne, fensir shi ne abincina. Awa ɗaya na yi ina jurewa, daga nan duk layin da na ja sai ya fito kamar hanyar kiyashi. Kwas ɗin da nake sa ran A, da ƙyar na tsira da CD, ya ja min GP ƙasa a lokacin da babu sauran semestar da zan gyara. Wanda ya ci gasar, kuɗin data da kofin roba aka ba shi.

Abin da nake so in faɗa a wannan rubutu guda ɗaya ne. Ciwon hannun mai gem rauni ne na wasa, kamar yadda targaɗen ɗan ƙwallo yake rauni. Mu masu bugawa ya kamata mu daina ɓoye shi, masu yi mana dariya su daina, ita kuma ƙungiyar ɗalibai da ke shirya gasa ta ɗauki nauyin da ya hau kanta.

Me ke faruwa a cikin hannun?

Sai da na dangana da sashen gashi na wani babban asibiti kafin na fahimci abin da na yi wa kaina. Ma'aikaciyar fisiyon da ta duba ni ta ce in lanƙwasa babban yatsa cikin tafin hannu, in rufe shi da sauran yatsu, sannan in karkata hannun wajen ƙaramin yatsa. Wallahi sai da na ɗaga daga kan kujera. Ta ce, "Ɗalibi, wannan De Quervain ne." Sunan wani likitan fiɗa ne ɗan ƙasar Suwizalan, Fritz de Quervain, wanda ya bayyana ciwon tun 1895, ka ga ke nan ya girmi PS nesa ba kusa ba. An fi saninsa a wajen mata masu jego saboda yawan ɗaga jariri, da masu aikin da ke sa babban yatsa maimaita motsi ɗaya.

Ga yadda abin yake. Hannu ɗaya yana da ƙasusuwa 27, amma manyan tsokokin da ke lanƙwasa yatsu da miƙe su a dantse suke, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Daga can wasu jijiyoyi masu kama da igiya suke taho wa su kama yatsun, kamar yadda wayar birkin keke take tashi daga kan keke ta je ta kama taya. Waɗannan igiyoyi suna bi ta cikin wasu matsattsun kube. Biyu daga cikin masu ɗaga babban yatsa suna bin kube ɗaya a gefen wuyan hannu. In ka yi ta jan su dubban sau babu hutu, kuben sai ya yi kauri, hanyar ta matse, kowane motsi ya zama gogayya. Wannan shi ne nawa.

Akwai na biyu, wanda ya fi kama masu linzamin kwamfuta da masu dogon bugun rubutu. A tsakiyar wuyan hannu, ta ɓangaren tafi, akwai wani ɗan kwararo da igiyoyi tara da jijiyar saƙo ɗaya suke bi ta cikinsa, likitoci suna ce masa kafal tanel. In wurin ya matse, jijiyar saƙon ce ke shan wahala. Alamarsa ita ce babban yatsa da manuni da na tsakiya da rabin na kusa da ƙarami su riƙa yin dindiris, ko ka ji kamar ana tsira maka allura, musamman da dare, har ya tashe ka daga barci ka hau yarfe hannu.

Na uku a gwiwar hannu yake. Wannan wurin da in ka buge shi da tebur kake jin kamar lantarki ya ja ka har ƙaramin yatsa, wata jijiyar saƙo ce ke bi ta nan kusa da fata. Wanda ke kwanciya rigingine a gado, ya lanƙwashe hannu yana riƙe da waya sama da fuska awa uku, ko wanda ke dogara gwiwar hannu a kan katako yana wasa, ita yake matsa wa. Sai ƙaramin yatsa da rabin na kusa da shi su sage. Na huɗu kuma shi ne yatsa ya riƙa maƙalewa in ka lanƙwasa shi, sai ka sa ɗaya hannun ka miƙe shi ya yi ƙas.

Ba a kanmu aka fara ba. A 1981 wata babbar mujallar likitoci ta Amurka, New England Journal of Medicine, ta buga wasiƙa a kan ciwon wuyan hannu na masu buga Space Invaders. A 1990 ita dai wannan mujalla ta kawo labarin wata mata da ta yi awa biyar a kan Nintendo ba tsayawa, babban yatsanta ya ƙi moruwa, likitan ya raɗa wa ciwon suna Nintendinitis. A 2014 mujallar The Lancet ta Ingila ta kawo na wata likita a ƙasar Sifen da ta shafe awa shida tana amsa saƙonnin Kirsimeti a waya, ta tashi da ciwo a wuyan hannayenta biyu, aka sa masa WhatsAppitis. Don haka 'yan uwa mata da ke cewa wannan matsalar 'yan gem ce, ku ma dai ku duba yatsunku.

Manyan ma ya kayar da su

Wani zai ce ai mu ba ƙwararru ba ne, rashin sabo ne. To ga ƙwararrun. Hai Lam, jagoran ƙungiyar Cloud9 ta Amurka a League of Legends, ya ajiye wasa a 2015 saboda wuyan hannu. Jian Zihao na ƙasar Sin, wanda duniya ta sani da Uzi, ya yi ritaya a 2020 yana da shekara 23, ga ciwon suga ga raunin hannu. Thomas Paparatto, wato ZooMaa, ɗan wasan Call of Duty na New York Subliners, ya sanar da barin gasa a Janairun 2021 yana da shekara 25, kuma babban yatsa ne ya kore shi. Shekara 25, jama'a. Shekarun da da yawa daga cikinmu muke kammala HND.

Labarin da ya fi burge ni shi ne na Faker, ɗan Koriya ta Kudu, wanda da yawa ke ɗauka babu kamarsa a tarihin League of Legends. A watan Yulin 2023 hannunsa na dama ya matsa masa, ya ajiye wasa kusan wata guda ana tsakiyar kaka. Ƙungiyarsa T1 ta buga karawa takwas babu shi, ɗaya kawai ta ci. Duk da haka ba a ɗura masa ƙwaya an tura shi fili ba. Ya huta, aka yi masa magani, ya dawo a watan Agusta, a watan Nuwamba kuma suka ɗauki kofin duniya a birnin Seoul. In mutumin da ake biyan miliyoyi zai iya zama a benci wata guda saboda hannu, mu da muke fafatawa a kan kofin roba mene ne hujjarmu?

Kuma ku lura, su suna da kujerun kirki, da likita, da mai tsara musu lokacin atisaye. Mu fa? Yanayin da muke wasa a cikinsa kamar da gangan aka tsara shi don ya lalata hannu. Benci ne babu majingina, talabijin a maƙale can sama ka yi ta ɗaga wuya. Hannun gidan gem ya sha duniya, maɓallansa sun ƙage, sai ka danna da ƙarfi kafin ɗan wasanka ya ba da fas. Wutar lantarki ba ta da lokaci, don haka ranar da aka kawo ta sai mu rama bashin kwana huɗu a zama ɗaya. Data da dare take da sauƙi, don haka lokacin da jiki ya kamata ya gyara kansa a barci, lokacin muke ƙara masa aiki. Waya tana jone da fawa-bank, nauyi biyu a hannu ɗaya, ga masu buga PUBG da Free Fire da yatsu huɗu sun ƙame hannu kamar ƙaguwa. Sannan ga dokarmu ta gidan gem, wanda aka ci ya biya ya tashi, mai ci ya zauna. Ma'anarta ita ce wanda ya fi kowa iyawa shi ne ba ya hutawa. Shi ya sa gwanayenmu ne suka fi kamuwa.

Abin da ma'aikaciyar fisiyon nan ta nanata min shi ne, jijiya tana iya sabawa da aiki mai yawa in an ƙara mata a hankali. Abin da ke karya ta shi ne ƙari na farat ɗaya. Wanda ya saba awa ɗaya a rana, ya tashi ya koma awa bakwai saboda gasa ta matso ko an tafi yajin aiki, shi ne ke cikin haɗari. Kuma hannu ba ya bambanta aiki. Kwafar not, zane a situdiyo, goga ƙarfe a wokshop, bugun furojet, wanki, TikTok, gem, duk a asusu ɗaya yake rubuta su. Makon ɗalibai kuwa sau da yawa dab da jarrabawa yake faɗowa, lokacin da asusun ya riga ya cika.

Masu cewa a daina kawai

Na san amsar da wasu malamanmu da iyayenmu za su bayar: "Wa ya aike ku? Ku ajiye wannan shirmen ku yi karatu." Ba zan ce maganarsu babu gaskiya ko kaɗan ba. Akwai waɗanda gem ya cinye musu lakca da salla da kuɗin abinci, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka tun 2019. Wanda ya kai wannan matsayi, matsalarsa ta wuce hannu.

Amma a matsayin maganin ciwon hannu, "ku daina" ba ya aiki, kuma dalilin a fili yake. Ɗalibin da ya san in ya je kilinik ya ce gem ne ya ja masa za a yi masa wa'azi da dariya, ba zai je ba. In ma ya je, ƙarya zai yi ya ce faɗuwa ya yi, a ba shi maganin da bai dace ba. Ɗan ƙwallon da ya gurɗe a filin makaranta, ɗaukarsa ake yi a kai shi kilinik ana yi masa sannu, babu mai cewa wa ya aike shi. Kuma wasan nan ya riga ya zauna. An raba lambobin zinare a kansa a gasar nahiyar Asiya da aka yi a Hangzhou a 2023, a 2024 kuma Saudiyya ta shirya gasar duniya a Riyad da kyaututtukan da suka haura dala miliyan 60. Mu nan, ƙungiyarmu ta ɗalibai da kanta take buga fosta ta karɓi kuɗin shiga. Abin da ka shirya ka karɓi kuɗi a kansa, ba za ka juya ka ce raunin da aka ji a cikinsa shirme ne ba.

Ga 'yan uwana masu bugawa kuma, laifinmu ya fi na kowa. Mun mayar da juriya abin alfahari. "Ni fa jiya tun azahar ban tashi ba sai ɗaya na dare." To sai me? Mu ɗaliban kwalejin fasaha ne. Ɗan jami'a zai iya cewa da ka yake cin abinci, mu da ka da hannu ne. Mai OTM da sauri a kan kibod za a ɗauke ta aiki. Mai lantarki zai riƙe filaya da sukuddireba, mai SLT zai riƙe fifet, mai ɗinki almakashi, mai kwamfuta zai yi shekara talatin yana bugu. Watanni huɗu na SIWES da shekara guda ta IT duk da hannu ake yin su. Jarin da iyayenmu ke biya wa kuɗin makaranta ke nan, shi muke sakawa a caca don kada a ce mun gudu.

Maganar ƙwaya

Nan ne abin ya fi ba ni tsoro. Zafi saƙo ne, jiki ke cewa tsaya. In ka sha magani don ka ci gaba da abin da ke jawo zafin, ka yi kamar direban da fitilar mai ta kama a gabansa ya sa tef ya liƙe ta. Ni da ban sha ƙwaya ranar gasa ba, da a wasa na biyu zan haƙura, da wataƙila na zana jarrabawata lafiya.

Diclofenac da ibuprofen suna da amfani in ma'aikacin lafiya ya rubuta su na 'yan kwanaki, tare da hutu. Amma dangi ɗaya ne, haɗa su ba ya ƙara komai sai haɗari. Suna iya jawo gyambon ciki da zubar jini a ciki, musamman ga mai shan su da yunwa, suna kuma taɓa ƙoda in an daɗe ana sha. Ka duba yadda ɗalibi ke rayuwa, garin kwaki da safe, ruwa kaɗan, ga zafin Afrilu, sannan ka ɗora wannan a kai. Haɗin nan da wasu masu kyamis ke ƙullawa a leda, ba ka san abin da ke ciki ba, dan Allah a guje shi. Tramadol kuwa, wanda na ji wasu na cewa yana sa hannu ya saki a daɗe ana wasa, kowa a Arewa ya ga inda yake kai matasa, kuma kullum muna jin NDLEA tana kama mai 225. Daga ciwon yatsa zuwa wannan rami, tafiyar ba ta da nisa.

Haka batun mai ɗori. Ina girmama sana'arsu, amma a irin wannan ciwo babu ƙashin da ya karye ko ya goce. Jijiyar da ta riga ta sha gogayya, in aka ja ta aka murza da ƙarfi, ƙara fusata take yi.

Abin da ya taimake ni

Sati shida na yi da wani abin ɗauri da ke riƙe babban yatsa da wuyan hannu su daina motsi. Ban taɓa gem ba, waya ma da hagu nake dannawa, saƙo kuma na koma na murya. A kwanakin farko ina sa ƙanƙara a naɗe cikin tsumma minti goma zuwa sha biyar. Da zafin ya sauka aka fara ba ni motsa jiki na ƙarfafa dantse, da roba da ɗan ƙaramin nauyi, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. An gaya min in bai yi sauƙi ba akwai allura da likita ke yi a wurin, in ita ma ta gaza akwai ƙaramar tiyata. Alhamdulillahi ban kai can ba.

Na koma wasa, amma da sharuɗɗa. Kafin in fara ina ɗumama hannu minti biyar, in buɗe in rufe, in juya wuyan hannu, musamman lokacin hunturu da yatsu ke ƙagewa. Bayan kowane wasa biyu ina ajiye hannun in miƙe tsaye, ko da ni ke ci, in ce wani ya karɓa. Ina lura da riƙo, domin yawancinmu in wasa ya yi zafi muna matse hannun kamar za mu fasa shi, alhali maɓalli ba ya buƙatar wannan ƙarfin. Wuyan hannu a miƙe, gwiwar hannu ba a kan katako ba, waya a jingine kan tebur maimakon a sama da fuska. Ranar da na yi dogon zane ba na gem. Kuma in zafin jiya bai tafi ba da safe, yau hutu ne, ko wa zai yi min gori.

Akwai alamun da ba a jira da su. In yatsu suna yin dindiris ba ya tafiya, in ciwon yana tashinka da dare, in abu yana suɓuce maka daga hannu, in tudun naman gindin babban yatsa ya fara ramewa, in yatsa yana maƙalewa, ko kuma ka yi sati biyu kana hutawa babu sauƙi, ka tafi asibiti. Jijiyar saƙo in ta daɗe a matse, wani lokaci ko an yi aiki ba ta dawowa yadda take. In akwai kumburi da ja da zazzaɓi, ranar za ka je. Mai sikila ko ciwon suga kada ya yanke wa kansa hukunci cewa gem ne, ya bari a duba. Wani lokacin ma matsalar daga wuya take sauko wa hannu. A fara da kilinik ɗin makaranta, tunda duk rajista muna biyan kuɗin asibiti, a nemi takardar turawa. Akwai sashen fisiyo a Asibitin Ƙashi na Dala da na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da asibitocin koyarwa na Sakkwato da Maiduguri, da manyan asibitocin jihohi da dama. Kuma in ka je, ka faɗi gaskiya: awa nawa kake yi, da wane yatsa.

Ga shugabanninmu na SUG

Ranku ya daɗe, buƙatunmu ba masu tsada ba ne. Na farko, a daina gama gasar mutum 64 a rana ɗaya. A raba ta kwana uku, kada kowa ya wuce wasa biyu ko uku a yini, da hutun aƙalla minti goma sha biyar tsakanin wasa da wasa. Na biyu, a nesanta gasar daga jarrabawa, farkon semesta ya fi. Na uku, a rubuta a dokar gasa cewa wanda hannu ya dame shi yana da damar a ɗaga masa wasa zuwa gobe sau ɗaya, ba tare da an ba abokin karawarsa nasara a banza ba. Rashin wannan dama shi ke tura mutum kyamis. Na huɗu, a kawo hannaye masu lafiya da kujeru masu majingina, a sauke talabijin daidai ido. Na biyar, Daraktan Wasanni da na Walwala su gayyato ma'aikacin fisiyo mai rajista ya yi mana bayani na awa ɗaya kafin a buɗe gasa, a kuma gayyaci ma'aikatan kilinik su zauna a ciki, don gobe in ɗalibi ya zo da wannan ƙorafi a san abin da yake faɗa. In ana iya ajiye akwatin agajin gaggawa a gefen fili lokacin atisayen NIPOGA, ana iya yin wannan.

Masu gidajen gem na bakin get, ku ma kuna da rawar takawa. Kwastoman da hannunsa ya lalace ya daina zuwa ke nan. Ku canza hannayen da suka ƙage, ku sa doka mai ci ya tashi bayan wasa uku.

Mu kuma, a daina yi wa juna dariya. In abokinka yana yarfe hannu tsakanin wasa, ko ka ga yana murza gindin yatsa, karɓi hannun daga wajensa ka ce ya je ya sha iska. Hausawa sun ce in gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Nawa ya riga ya kama, sakamakona na ND yana nan yana ba da shaida, kuma babu gasar da za ta goge CD ɗin nan. Har yau ina buga FC, har yau ina yanka, kuma duk mai ja ya same ni ranar Asabar bayan la'asar. Wasa biyu kawai zan yi maka, daga nan in tashi, domin ranar Litinin ina da zane.